Masarar Baba Mati Ba Ta Yi Ba

Shagon na yayana Luke ne, kuma tun ranar da ya miƙo mini makulli ya gindaya sharaɗinsa. Ɗaki ɗaya ne a bakin titin Dayi, tsakanin mai facin taya da mai shayi, daidai inda motocin Malumfashi ke rage gudu.

"Rahab, damina ɗaya na ba ki," in ji shi. "In an gama kaka ki kawo mini sunan manoma goma da suka yarda su biya ki don ki koya musu noma. Goma cif. In babu, akwai mai kemis da ya dame ni da kira, shi zan ba."

Na ce masa ya sa ran ashirin. Wannan baki nawa, Allah dai ya shirye shi.

Shekara huɗu na yi ina karatun aikin gona, na ƙara biyu ina aiki da wata ƙungiya da ke taimakon manoma, har wa'adin aikinsu ya ƙare suka tattara suka tafi. Abin da na dawo gida da shi ba taki ba ne, ba iri ba ne. Ƙafata ce da idona. In manomi ya ɗauke ni, zan bi gonarsa daga shuka har girbi, in nuna masa inda yake zubar da wahalarsa a banza. Na sa aka rubuta mini allo da shuɗin fenti: RAHAB ATU, MAI HORAR DA MANOMAN MASARA. Na kafa shi, na share shago, na zauna.

Na zauna fa.

Maganar talla a rediyo, da na ji abin da suke karɓa na minti ɗaya sai na yi musu sai an jima. Na yi wa kaina alkawari ko sisi ba zan biya wani ya yabe ni ba, aikina ne zai yi magana. Na kai sanarwa coci, Fasto ya karanta ta da kyau, dattawa suka tafa suka ce kai, 'yar marigayi Atu ta girma. Ko mutum ɗaya bai zo ba. Na riƙa ɗora hotunan gona a waya kullum, abokan karatuna na Kaduna da Abuja suna ta turo mini yabo, mutanen da ko tukunyar fulawa ba su da ita balle gona.

Tambaya kam ana yi mini, ba a magana. A kasuwa, a bakin famfo, a gidan suna, har a wurin jana'iza. "Malama, ganyen masarata ya yi ɗorawa, me ke kawo haka?" In buɗe baki in zuba bayani tiryan-tiryan, mutum ya gyaɗa kai ya ce Allah ya yi albarka, ya kaɗa rigarsa. A garinmu shawara ruwan randa ce, duk wanda ya yi sallama ya sha. In ka ce a biya, sai a dube ka kamar ka nemi kuɗin gaisuwa.

Ga kuma Mannir a tsallaken titi, mai sayar da taki da maganin feshi. Shi shawara gyara ce a wurinsa, in ka sayi kwalba ɗaya ya ɗora maka ita kyauta, ko daidai ko ba daidai ba. Kowace safiya in ina buɗe ƙofa sai ya ɗaga murya yadda mai shayi da mutanensa za su ji:

"Farfesa! Yau ɗalibai nawa? In benci bai isa ba ga nawa nan!"

Ni kuwa in ce masa ya ji da gubar da yake sayarwa. Sannan in shiga ciki in zauna ni kaɗai.

Da na ga bazara ta kusa ƙarewa ba kowa, sai na canza dabara. Gani ya kori ji. In na ɗauki gona ɗaya da kowa ya san ta gaji, na tashe ta, mai gonar da bakinsa zai yi mini tallar da rediyo ba zai iya ba. Sai na nufi Baba Mati, aminin mahaifina. Shi Musulmi ne, mu Kirista, amma shekara talatin gonarsa da ta babanmu suna maƙwabtaka, gayya ɗaya suke yi, har babanmu ya rasu aka sayar da tamu. Gonarsa tana can bayan rafi, ciyawar wuta-wuta ta cinye rabinta. Buhu goma sha huɗu yake samu in shekara ta yi kyau.

Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, bana ka bar mini gonarka in juya ta yadda na koyo. Ba za ka ba ni komai ba. Abu ɗaya nake roƙo, in an yi girbi ka tsaya gaban mutane ka faɗi abin da ka samu."

Sai ya ce, "Allah ya kai mu, 'yar Atu."

Ni da aka haifa a garin nan, na ji wannan amsa na ɗauke ta a matsayin to. Har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Mun sha rigima da tsohon nan. Ranar shuka na zo da igiya mai ƙulli-ƙulli, taƙi ɗaya tsakanin kowane ƙulli, na ce ƙwaya ɗaya a kowane rami. Ya ajiye sungumi ya riƙe haɓa.

"Ƙwaya ɗaya? Mu huɗu muke sawa tun kakanni. Ɗaya ta tsuntsu, ɗaya ta ƙasa, biyu namu."

"Baba, huɗun nan faɗa suke yi a rami, ba wadda ke ƙoshi."

"To in tsuntsu ya zo fa?"

"Ya je gonar maƙwabci, can ake ajiye masa rabonsa."

Ya yi dariya har da tari, ya bar ni. Ranar taki ma haka. Shi ya saba ya watsa a gindi ya wuce, rana ta sha rabi ruwa ya tafi da rabi. Na ce a'a, marfin kwalbar lemo ɗaya, a tona a binne. Yini biyu muka yi a sunkuye, ni da shi da matarsa. Bayana har yau bai yafe mini ba. Da tsutsa ta sauka, ni ce ke ratsa rafin nan ruwa har gwiwa, ina buɗe kan masara ɗaya bayan ɗaya ina dubawa. Sau biyu zazzaɓi ya kwantar da ni. Shago kuwa yana nan, allo yana ta shan ruwan sama, Mannir yana ta kiran Farfesa.

Amma masara ta yi. Kai, ta yi! Kara kamar rake, goyo har biyu a jikin wasu. Da aka girbe aka ɓare, na tsaya da kaina ana ɗinke buhuna. Arba'in da ɗaya. Na ƙirga sau uku. Na yi guɗa a tsakiyar gona, na zaro waya ina ta ɗaukar hoto, buhuna a jere, Baba Mati a gefe.

"'Yar Atu," in ji shi, "ajiye wayar nan."

"Baba, na tarihi ne."

"To ya tsaya a tarihin. Kada ki sa shi inda mutane ke gani."

Na lura da wasu abubuwa a lokacin, amma murna ta rufe mini ido. Injin ɓare masara Baba Mati bai ɗauko na garinmu ba, daga Kafur ya kira wani da bai san kowa ba. Buhunan ma ba a kai su gida a mota ba. Bibbiyu aka riƙa ɗauka a babur, an lulluɓe da harawa, wasu gidan 'yarsa, wasu gidan ƙaninsa, kwana da kwanaki. Na ce a raina ƙauyanci ne kawai da tsoron kambun baka.

Na sa ranar taro ta dace da ranar kasuwa. Na aro bencuna a coci, Mama Elizabeth, mahaifiyata, ta dafa zoɓo cikin babbar roba. Zoɓon ne ya tara su ko ni ce, oho, amma mutum ya fi talatin a ƙofar shagona, abin da ban taɓa gani ba. Mannir ma ya rufe rumfarsa ya tsallako, ya zauna a gaba ya harɗe ƙafa. Na yi bayanin igiya, na yi na marfin kwalba, suna ta hamma. Sai na ce to, ba sai na cika ku da surutu ba, ga wanda ya gani da idonsa.

Baba Mati ya miƙe a hankali. Ya gyara hula, ya yi sallama, ya gode wa Allah, ya yi wa mahaifina addu'a. Sannan ya ce:

"Yarinyar nan ta yi ƙoƙari, ba a raina mata ba. Ta sha wahala ƙwarai. Amma gona kun san ta, ta gaji. An dai ɗan taɓa, kamar na kowa. Abin da za a ci a kai bazara, in an lallaɓa."

Ya koma ya zauna.

Na ji kamar an kwara mini ruwan zafi. Kamar na kowa? Ni da na yi wata biyar ina ratsa rafi? Aka fara 'yan dariya ƙasa-ƙasa. Mannir ya tafa hannu ya ce:

"Farfesa, ai ke ba kya rabo da ɗaukar hoto. Nuna mana mana! In akwai buhuna, waya ba ta ƙarya."

Wayar tana hannuna. Na riga na buɗe hoton ma, yatsana yana kansa. Buhu arba'in da ɗaya a jere, ga fuskar mai su. In na ɗaga ta sama, shi ke nan, shago ya zama nawa, Mannir ya haɗiye harshensa, Luke ya sha mamaki. Na juya wajen Baba Mati in harare shi tukuna, don tsakani da Allah a lokacin na tsane shi.

Ba ni yake kallo ba. Can ƙarshen taro yake kallo, inda wasu samari biyu suka tsaya a kan babur ba su kashe inji ba. Ban san su ba, kuma a Dayi ba fuskar da ban sani ba.

Sai na tuna da Manu. Wani manomi ne a wani ƙauye gaba da mu, bara waccan ya yi noma mai kyau, ya zauna a teburin mai shayi yana faɗin yawan buhunansa. Ba a yi sati biyu ba 'yan bindiga suka ɗauke shi a hanyar gona. Sai da aka sayar da masarar duka da shanun huɗa kafin ya dawo, kuma bai ƙara zama mutum sosai ba. Kowa ya san wani ne ya kai rahoto, ba wanda ya san ko wane ne. Na san labarin nan sarai. Ban dai taɓa haɗa shi da sana'ata ba, saboda ni tallata kawai nake hange.

Samarin nan wataƙila matafiya ne da suka ga zoɓo. Har gobe ban sani ba, kuma wannan rashin sanin yana ci mini rai.

Na kashe wayar na jefa ta a jaka.

"Yadda Baba Mati ya faɗa haka ne," na ce. "Masarar ba ta yi yadda na so ba."

Mannir ya kwashe da dariya har yana dukan benci. Mutane suka shanye zoɓo suka watse. Ni kaɗai na mayar da bencunan coci, bibbiyu, ina tafe ina zagi a cikina. Na zagi Mannir, na zagi 'yan bindiga, na zagi takardar da na yi shekara huɗu ina nema. A gida na rufe ɗaki na yi kuka mai isata, Mama tana ƙofa tana cewa haƙuri, Allah bai manta da ke ba. Na ce mata ni dai mutanen Dayi sun manta.

Kwana uku bayan haka sai ga Inna Tsohuwa, matar Baba Mati. Sunanta ke nan tun tana jaririya, sunan kakarta ta ci. Ta sauke ƙwaryar garin masara da ƙullin daddawa a gabana, ta ce Malam yana gaishe ni, kunya ce ta hana shi zuwa.

"Kunya?" na ce. "Inna, ya tsaya gaban mutum talatin ya yanka ni, yanzu ne ya san kunya? Da ya faɗa mini tun ranar farko ba zai iya ba, da na nemi wani."

"Wa za ki nema? Duk garin nan wa zai tsaya a bakin titi ya ƙirga buhunansa? Baki shi ke yanka wuya, 'yar nan."

"To ni kuma in ci me? Ba wanda ya san abin da na yi."

Ta dube ni ta yi tsaki. "Ke karatun naki bai kai nan ba? Tun masara tana tsaye ba manomin da bai zaga ta bayan rafi ya leƙa ba. Wani ya ce akuyarsa ce ta ɓata, wani ya ce itace yake nema. Manomi in ya ga kara ai ya san buhu. Sun san kin iya tun tuni. Abin da ba su sani ba shi ne ko cikinki yana riƙe magana."

Ban yarda da ita ba. Na ɗauka lallashi ne irin na tsofaffi.

Washegari ina dawowa daga famfo sai Malam Abdussamad, wani dattijo mai gonaki wajen hanyar Tsiga, ya rage tafiya har na iso shi. Ya tambayi jikin Mama, wadda lafiyarta lau. Ya tambayi Luke. Ya duba gabas ya duba yamma, sannan ya ce yana so in zo in duba masa ƙasa kafin a fara kai takin gida, kuma zai biya abin da na yanka.

"Amma ba a shago ba," in ji shi. "Da furfurata a gan ni ina shiga wurin 'yar cikina koyon noma? Kuma duk wanda aka gani a ƙofarki, an san baɗi rumbunsa zai cika. Kada kowa ya ji. Ko Mati."

Bayansa sai Saviour, ɗan cocinmu, ɗaya daga cikin masu tafin nan. Ya tare ni a bayan coci bayan an tashi sujada, shi ma kada kowa ya ji, har matarsa. Haka suka riƙa zuwa ɗaya-ɗaya, a hanyar gona, a wurin niƙa, a bakin rafi, kowa yana tsammani shi kaɗai ne mai wayo. Na goma sha uku shi ne ya fi ba ni haushi. Mannir! Yana da gona da ya gada, shekara huɗu yana zuba mata duk gubar da ke rumfarsa tana ƙara lalacewa. Ya same ni yana sosa ƙeya, ya ce in rufa masa asiri, in aka ji mai sayar da taki yana neman shawara kasuwarsa ta mutu. Ya ce tsokanar da yake mini da safe kuma dole ya ci gaba, don in ya daina za a gane.

Na ce masa Allah ya isa, sannan na sa masa rana.

Luke ya zo daga Funtuwa ranar wata Asabar da hantsi, mai kemis yana biye da shi riƙe da abin awo. Tun kafin mu gama gaisawa mutumin ya fara auna bango inda zai kafa kantoci.

"To, ƙanwata," in ji Luke, "kaka ta wuce. Ina sunayen?"

"Yaya, akwai su. Sun ma fi goma."

"Madalla! Su wa da wa?"

Luke ɗan'uwana ne, ina son sa, amma bakinsa rariya ne. Abin da ya ji da safe, kafin azahar yana teburin mai shayi, kuma da alfahari zai faɗa, don ya nuna ƙanwarsa ta yi nasara. Ga mai shayin nan taku biyar daga inda muke, ga mutane a bencinsa sun kasa kunne.

"Ba zan iya faɗa ba."

"Ba za ki iya faɗa ba? Aljanu kike koya wa noma?"

"Yaya, ka yarda da ni kawai. Ka ƙara mini damina ɗaya."

"Rahab, ko suna ɗaya. Ɗaya tak, in ji da kunnena, in sallami mutumin nan."

Na girgiza kai. Sai ya juya ya ƙwala kira tsallaken titi. "Mannir! Kai da kake kallon ƙofar nan kullum, tsakaninka da Allah ka taɓa ganin wani ya shigo?"

Mannir, wanda jiya-jiyan nan na yini a gonarsa ina nuna masa inda ruwa ke kwashe masa ƙasa, ya ɗaga hannu sama ya ce, "Ni dai ƙuda nake gani, Yallaɓai!"

Aka yi dariya a teburin shayi. Na kalle shi, ya sunkuyar da kai yana gyara kwalaben da ba su karkace ba.

Da Luke faɗa ya yi mini, da na ji sauƙi, don na iya faɗa. Sai ya dafa kafaɗata ya sassauta murya. "Ba abin kunya ba ne mutum ya gwada abu ya kasa. Baba ma da yana raye haka zai ce miki. Zan nema miki wani abu a Funtuwa."

Na ciro makulli na sa masa a hannu. Na ari guduma wurin mai faci, na hau benci na cire allon da kaina, ban bar kowa ya taya ni ba. Ƙusa ɗaya ta ƙi fita, na fizge ta har fentin sunan babana ya ɓantare. Na tare ɗan acaɓa, muka ɗaure allon a baya, rubutun yana kallon ƙasa. Malam Abdussamad yana jirana a gonarsa tun ɗazu, na riga na makara.

Mun ɗan yi nisa ɗan acaɓan ya waiwayo ya ce, "Malama, ashe sana'ar ba ta karɓe ki ba. Sannu fa. Ina muka nufa?"

"Yadda ka faɗa haka ne," na ce masa. "Sauke ni a bakin rafi, zan ƙarasa da ƙafa."